Steno: Mai Feɗe Ƙwaƙwalwa Da Ya Koma Bishop

Yau ba soyayya na zo muku da ita ba, tarihin wani Bature ne ɗan ƙasar Denmak mai suna Niels Stensen, wanda aka fi sani da Steno. Tambayar da ta dabaibaye rayuwarsa tsohuwa ce: a ina rai yake zaune a jikin ɗan Adam?

Kiristoci sun daɗe da tasu amsar. Wajen shekarar 400, Nemesius, bishop na garin da yau ake kira Homs a Siriya, ya ɗora a kan ilimin likitan nan Galen, ya ce kogunan ruwan da ke cikin ƙwaƙwalwa ɗakuna ne: na gaba yana karɓar abin da ido da kunne suka kawo, na tsakiya na tunani ne, na baya kuma rumbun tuna abubuwa. Wannan zance ya yi sama da shekara dubu yana yawo, har Ibn Sina ma da irinsa ya yi aiki.

Sai ga René Descartes, Bafaranshe ɗan ɗarikar Katolika. Shi cewa ya yi jiki inji ne kawai, rai kuwa wani abu ne daban da ba a taɓawa, ba ya kuma mutuwa. To a ina suke haɗuwa? Ya nuna wani ɗan ƙullutu a tsakiyar ƙwaƙwalwa, girmansa kamar ƙwayar shinkafa, wanda ake kira finiyal. Hujjarsa ita ce sauran sassan bibbiyu suke, dama da hagu, shi kuwa tilo ne. Ya ce yana reto, rai na karkata shi nan da can, jiki na bin umarni. Kada ku ɗauka wasa ne. Idan mutum inji ne zalla, wa za a yi wa hisabi? A ganin Descartes addini yake karewa, amma duk da haka a 1663, shekara 13 bayan mutuwarsa, cocin Katolika ya sa littattafansa cikin waɗanda aka hana karantawa.

An haifi Steno a 1638 a gidan maƙerin zinare, 'yan Furotesta mabiya Luther. Yaro ne mai hannu. A 1660 a Amstadam yana feɗe kan tunkiya ya gano bututun da ke kawo yawu cikin baki, wanda har gobe likitoci da sunansa suke kiransa. Ya kuma nuna cewa zuciya, wadda ake ta yi wa kirari, tsoka ce kamar sauran tsokoki.

A 1665 ya tsaya gaban masana a Paris, a gidan Melchisédech Thévenot, don ya yi jawabi a kan ƙwaƙwalwa. Saurayi ɗan shekara 27, maimakon ya yi fankama, sai ya buɗe da amsa cewa shi bai san komai a kanta ba. Daga nan ya shiga bin manya ɗaya bayan ɗaya. Ya nuna cewa ƙullutun Descartes a manne yake, ba ya reto, ba ya kuma zaune a inda aka zana shi. Hatta Thomas Willis na Ingila, Kirista mai riƙo da addini wanda ya fitar da babban littafinsa na ƙwaƙwalwa a 1664, bai tsira ba, domin shi ma ya rarraba wa tunani da tunawa mazauni ba tare da hujjar da ido ya gani ba. Shawarar Steno ita ce a bi zaruruwan ƙwaƙwalwa a hankali a ga inda suka dosa, a daina yanka ta kamar ana yanka cuku. An buga jawabin a 1669.

Nan ne labarin ya juya. Steno da kansa masoyin falsafar Descartes ne a da. Daga baya ya bayyana cewa abin da wuƙarsa ta nuna masa ya girgiza shi: mutanen da suka yi kuskure a kan abin da za a iya ɗorawa a faranti a duba, yaya zai amince musu a kan Allah da ruhi? Ni dai a nawa ganin nan ne ya bambanta da sa'o'insa. Wani da ya ga babu rai a cikin ƙullutu sai ya ce ai babu rai gaba ɗaya. Shi kuwa cewa ya yi wuƙa tana da iyakarta.

Ya koma Italiya ƙarƙashin sarkin Fulorens, ya feɗe kan wani ƙaton kifin shak, binciken ya kai shi ga bayanin yadda duwatsu suke jeruwa hawa-hawa, har ake lissafa shi cikin iyayen ilimin ƙasa. A 1667 ya bar ɗarikar iyayensa ya shiga Katolika, a 1675 ya zama limamin coci, a 1677 aka naɗa shi bishop aka tura shi arewacin Jamus, tsakiyar 'yan Furotesta.

Ba zan ɓoye muku ɗayan gefen ba. A wannan shekara ta 1677 ya kai ƙarar rubutun tsohon abokinsa Spinoza wajen kotun addini ta Rum, ya miƙa musu kwafin littafinsa na hannu. Sai a 2010 aka gano wannan kwafi a ɗakin karatu na Batikan. Leibniz ma ya yi masa shaguɓe cewa babban masanin halitta ya koma matsakaicin malamin addini. Gaskiya wannan ƙarar ba ta yi mini daɗi ba, ko da kuwa Spinoza ya riga ya mutu a farkon shekarar.

Ya ƙare rayuwarsa cikin talauci da yawan azumi, yana rabar da abin hannunsa. Ya mutu a Schwerin a 1686 yana da shekara 48, aka kai gawarsa Fulorens. A 1988 Fafaroma John Paul na biyu ya ba shi matsayin mai albarka, matakin da ke gab da na waliyyi a wajensu.

Neman mazaunin bai mutu tare da shi ba. A 2006, Mario Beauregard na jami'ar Montreal a Kanada ya sa mata 15 masu zaman zuhudu a coci cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suna tuno lokacin da suka fi jin kusanci da Ubangiji. Wurare da dama ne suka motsa, ba a sami wani gurbi guda ba. Shi kuwa ƙullutun Descartes, a 1958 aka gano sinadarin melatonin da yake fitarwa idan duhu ya yi, aikinsa ya sanar da jiki cewa lokacin barci ya gabato.