Dell: Tsarin sayar da kwamfuta ba tare da dillali ba

Dell kamfanin ƙera kwamfuta ne na Amurka, wanda Michael Dell ya kafa a 1984 yana ɗalibi a Jami'ar Texas. Ya yi suna ne da tsarin da ba a haɗa kwamfuta sai mai saye ya yi oda, ya zaɓi kayan cikin da yake so. Da farko ta tarho ake cinikin, a 1996 aka buɗe shi a intanet.

Ribar tsarin tana wajen ajiya. Kayan kwamfuta ba gero ba ne da za a kulle a rumbu a jira tsada. Galibi darajarsu raguwa take yi. Saboda haka Dell kan bar su a hannun masu kawo masa, a ɗakunan ajiya kusa da masana'antarsa, yana sanar da su ta intanet abin da ake buƙata, ba ya karɓa sai zai haɗa. Kuɗin mai saye kan shigo tun kafin lokacin biyan masu kayan ya yi, wato da jarin wasu yake juyawa.

Sai dai tsarin yana buƙatar tabbataccen adireshi, da sufuri, da mai saye da zai biya kafin ya ga kaya. Dell kansa ya shiga kantunan Walmart a 2007. A Bodinga da Shagari ta jihar Sakkwato kuwa, galibi ta hannun 'yan kasuwa kwamfutar ke isa ga ma'aikaci, daga Legas ko Kano, sau da yawa ta hannu, kowane dillali ya ɗora ribarsa.