Manhaja Ɗaya, Gwamnatoci Uku: Tarihin Kafuwar Cibiyar NIIS

A ranar 10 ga Disamba 2013, Firayim Ministan Istoniya Andrus Ansip da takwaransa na Finlan Jyrki Katainen suka ƙulla wata yarjejeniya ba tare da sun taɓa alƙalami ko takarda ba. Kowannensu ya sa hannu ta kwamfuta da katinsa na shaidar ɗan ƙasa, kuma har yau ana ambaton wannan yarjejeniya a matsayin ta farko da gwamnatoci biyu suka rattaba wa hannu ta wannan hanya. Jaridu sun fi mayar da hankali ga salon sa hannun. Amma abin da ke cikin yarjejeniyar ya fi salon nauyi: Istoniya ta amince ta bai wa maƙwabciyarta manhajar X-Road, wadda ita ce ƙashin bayan dukan ayyukan gwamnatinta na intanet, kuma ƙasashen biyu suka ɗauki alkawarin ci gaba da gina ta tare. Daga wannan alkawari ne, bayan shekara uku da rabi, aka haifi cibiyar NIIS, wato cibiyar ƙasashen arewacin Turai mai kula da hanyoyin musayar bayanai tsakanin hukumomi.

Kafin a fahimci darajar kyautar, sai an san halin da mai bayarwa ta fito daga ciki. Istoniya ta maido da 'yancinta daga Tarayyar Sobiyet a watan Agusta 1991, ƙasa ce ƙarama, mutanenta ba su kai miliyan 1.4 ba a yau, ba ta da man fetur na a zo a gani, baitulmalinta kuma ba ya da nauyi. A shekarun farko kowace ma'aikata ta gina rumbun bayananta yadda ta ga dama. Na haraji daban, na rajistar jama'a daban, na motoci daban, kuma babu wanda ke jin yaren ɗan'uwansa. Hanya mafi sauƙi a tunani ita ce a tara komai a babban rumbu ɗaya. Ba su da kuɗin yin haka, kuma mutanen da suka yi kusan shekara hamsin a ƙarƙashin mulkin da ke leƙen asirin kowa ba su da sha'awar ganin an tara sirrinsu duka a ɗaki guda. Saboda haka injiniyoyinsu, ciki har da na kamfanin Cybernetica, suka bi wata hanya. A ƙarshen 2001 aka ƙaddamar da X-Road.

Yadda take aiki ba shi da wuyar fahimta. Kowace hukuma tana riƙe da bayananta a hannunta. A bakin ƙofar rumbunta sai a girka wata kwamfuta mai gadi. Idan asibiti yana son ya tabbatar ko majiyyaci yana da inshorar lafiya, mai gadin asibitin ne zai aika tambaya kai tsaye zuwa ga mai gadin asusun inshora. Tambayar tana tafiya a kulle, da sa hannun wanda ya aiko ta, da hatimin lokacin da aka aika, kuma ana rubuta ta a kundin da za a iya komawa a duba. Akwai kwamfuta ta tsakiya, amma aikinta riƙe sunayen waɗanda aka yarda su shiga tsarin ne da ƙa'idojin tsaro. Bayanan mutane ba sa ratsawa ta cikinta. Dokar Istoniya kuma ta hana hukumomi kafa sabon rumbu don tattara bayanin da wata hukuma ta riga ta tattara. Ma'ana, idan ɗan ƙasa ya faɗa wa gwamnati ranar haihuwarsa sau ɗaya, ya gama. Duk wanda ya taɓa ba da hoton yatsunsa a banki, ya sake bayarwa wajen katin zaɓe, ya sake wajen lasin tuƙi, ya san girman wahalar da wannan doka ta ɗauke wa jama'a.

A kan wannan tushe aka ɗora sauran ginin: katin shaida mai ƙwaƙwalwar lantarki a 2002, jefa ƙuri'a ta intanet a 2005, takardar magani ta lantarki a 2010. A 2007, lokacin da aka yi wa shafukan bankuna da na gwamnati ruwan hare-haren intanet bayan rikicin sauya wa wani mutum-mutumin sojan Sobiyet wuri a birnin Talin, 'yan Istoniya suka ƙara gane amfanin tsarin da ba shi da wuri guda da za a doka komai ya rushe.

Me ya sa Finlan? Tsakanin Talin da Helsinki, manyan biranen ƙasashen biyu, tafiyar kimanin kilomita 80 ce a teku, awa biyu a jirgin ruwa. Harsunansu dangi ne, har ma a zamanin Sobiyet mutanen arewacin Istoniya suna kama tashoshin talabijin na Finlan su kalla. Dubban 'yan Istoniya suna zaune a Finlan ko suna aiki can su koma gida ƙarshen mako, kamfanonin Finlan kuma sun cika Talin. Mutum zai biya haraji a nan, iyalinsa suna can, fanshonsa ya rabu gida biyu. Hukumomin ƙasashen suna ta aika wa juna tambayoyi a kan mutane iri ɗaya. Sai dai akwai wani abu a wannan labari da nake ganin ya cancanci yabo na musamman. Finlan ita ce babba, mutanenta sun kai miliyan 5.5, ita ce mai arziki, ita ce mahaifar Nokia, ita ce ta taimaka wa Istoniya da horo da kayan aiki a farkon 'yancinta. Amma da ta ga ƙanwar ta riga ta warware matsalar da ita take fama da ita, ba ta ji nauyin karɓa ba. Gwamnatoci da yawa sun gwammace su kashe maƙudan kuɗi su gina nasu da bai kai ba, da a ce sun kwaikwayi ƙaramar maƙwabciya.

A watan Nuwamba 2015 Finlan ta buɗe nata tsarin musayar bayanai a ƙarƙashin shirin Suomi.fi, wanda aka gina da X-Road. A nan ne ainihin matsalar ta bayyana, kuma ita ce dalilin kafa NIIS. Manhaja ba gini ba ce da za a gama a miƙa mabuɗi. Ta fi kama da rijiya: wanda ya haƙa ya yi aiki, amma idan gidaje biyu suna sha, dole a san wanda zai riƙa yasarta, da kuɗin wa, kuma wa zai yanke hukunci idan ɗaya yana son a ƙara zurfi ɗaya yana son a gyara baki. Kullum ana gano sabon rauni na tsaro da ke buƙatar toshewa. Kowace ƙasa tana da dokokinta da buƙatunta. Da an bar kowa ya riƙa gyara tasa yadda ya so, cikin 'yan shekaru da an wayi gari da manhaja biyu masu suna ɗaya waɗanda ba sa jin maganar juna, kuma da amfanin haɗuwar ya tafi.

Da farko an gwada tafiyar da aikin ta hanyar yarjejeniya tsakanin hukumomi biyu, wato hukumar kula da tsarin bayanai ta Istoniya mai suna RIA da cibiyar rajistar jama'a ta Finlan. Su suka haɗu suka ci gaba da gina zubi na 6 na X-Road, kuma a 2016 aka kammala sakin asalin rubutun manhajar ga duniya a ƙarƙashin lasin MIT, wanda ya bai wa kowa damar ɗauka ya yi amfani ya kuma gyara ba tare da biyan ko sisi ba. A watan Mayu na shekarar, firayim ministoci Taavi Rõivas da Juha Sipilä suka sa hannu a kan sanarwar haɗin gwiwa game da musayar bayanai a tsakanin ƙasashensu. Amma hukumomi biyu masu kasafi biyu, dokokin ba da kwangila biyu da iyayen gida biyu ba za su daɗe suna riƙon abu ɗaya cikin sauƙi ba. Ana buƙatar gida guda da zai riƙe manhajar a madadin kowa.

A watan Maris 2017 ministocin ƙasashen biyu suka sa hannu a kan yarjejeniyar kafa shi, a watan Yuni kuma NIIS ta tabbata a hukumance. An yi mata rajista a Talin a matsayin ƙungiya wadda ba ta neman riba, membobinta kuma gwamnatoci ne: ma'aikatar tattalin arziki da sadarwa ta wakilci Istoniya, ma'aikatar kuɗi ta wakilci Finlan. Aka naɗa Ville Sirviö, ɗan Finlan, shugaban gudanarwa. A watan Yuni 2018 aka miƙa mata ragamar ci gaban X-Road baki ɗaya.

Siffar da aka ba ta tana da hikima, kuma hikimar tana cikin ƙanƙantarta. Ba a gina mata katafaren ofishi an cika shi da daraktoci ba. Ma'aikatanta kaɗan ne. Yawancin rubutun manhaja kamfanoni ne ke yinsa ta hanyar kwangilar da ake fitarwa a fili. Membobi suna zuba kuɗin shekara, su zauna su tsara abin da za a gina gaba. Kuma NIIS ba ta taɓa bayanan kowa. Ita dai tana ƙera kayan aikin ne ta kula da shi, kowace ƙasa kuma ta gudanar da nata tsarin da kanta, da dokokinta, da nata mabuɗan. Wannan iyaka ce ta sa aka iya yarda da juna. Babu gwamnatin da za ta miƙa rajistar 'yan ƙasarta ga wata hukuma ta waje, amma tana iya yarda a yi tarayya a kan kayan da ake ɗaukar bayanan da su.

Istoniya ce ta fi sadaukarwa a nan. X-Road abin alfaharinta ne, shi take nuna wa kowane baƙo. Ta yarda ta daina zama mai faɗa a ji ita kaɗai a kansa, ta koma ɗaya daga cikin masu murya a teburi. Ta ci ribar haka, domin nauyin kuɗi ya rabu kuma idanun da ke duba rauni sun ƙaru, amma ba kowace ƙasa ce za ta iya sakin abin da ta raina da hannunta ba.

A watan Fabrairu 2018 aka haɗa tsarin Istoniya da na Finlan, ta yadda hukuma a Helsinki za ta iya tambayar hukuma a Talin kamar tana tambayar maƙwabciyarta ta cikin gida. Ofisoshin rajistar kamfanoni suka fara musayar bayanai ta wannan hanya a 2019, na rajistar jama'a suka biyo baya a 2020. Wanda ya lura da waɗannan shekaru zai ga cewa tafiyar ba ta yi sauri ba, kuma ba injin ne ya jawo jinkirin ba. Haɗa kwamfutoci aikin makonni ne. Amma kafin bayanin mutum ɗaya ya ƙetare teku, sai hukumomin biyu sun ƙulla tasu yarjejeniya, lauyoyi sun tabbatar doka ta yarda, an kuma daidaita abin da kowane ɓangare yake nufi da mazauni ko adireshi. Ko a cikin Finlan kanta, inda hukumomi ke da tsofaffin hanyoyinsu da suka saba da su, sai da aka yi doka a 2016 wadda ta wajabta wa hukumomin gwamnati amfani da ayyukan Suomi.fi.

Daga nan gidan ya fara karɓar baƙi. Aislan ta shigo a matsayin abokiyar hulɗa a 2018, ta gina nata tsarin mai suna Straumurinn, sannan a watan Yuni 2021 ta zama cikakkiyar memba ta uku. Tsibiran Faro da na Aland su ma suka zama abokan hulɗa. A 2021 ɗin aka fitar da zubi na 7 na X-Road, aka kuma ƙara wata manhaja mai suna Harmony don musayar takardu da tsarin Tarayyar Turai.

A wajen Turai kuwa, sakin manhajar kyauta ya kai ta inda masu ita ba su taɓa tsarawa ba. Lardin Neuquén na Ajantina ya ɗauka, Kolombiya ta ɗauka, Kambodiya ta gina CamDX a kanta har tsarin ya sami lambar yabon aikin gwamnati ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2022. Akwai kuma wani reshe na dangin: kamfanin Cybernetica yana sayar da tasa manhajar mai suna UXP, wadda ta tsiro daga tunani ɗaya. Da ita aka gina Trembita a Yukren, tsarin da ya ci gaba da haɗa rumbunan gwamnati ko bayan mamayar Rasha ta 2022, kuma da ita Namibiya da maƙwabciyarmu Jamhuriyar Benin suka gina nasu. A irin waɗannan ayyuka sau da yawa za a tarar da hannun makarantar koyar da mulki ta intanet da aka kafa a Talin a 2002, da haɗin gwiwar gwamnatin Istoniya, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya da gidauniyar Open Society. Ita ke horar da jami'ai a kan ɓangaren da ya fi wuya, wato dokoki da shawo kan ma'aikatun da ke ƙyashin sakin bayanansu.

Wannan yaɗuwa ta zo wa NIIS da tambayar da ba ta gama amsawa ba. Masu amfani da X-Road sun bazu a nahiyoyi da dama, amma babban nauyin kula da ita yana wuyan ƙananan ƙasashe uku waɗanda mutanensu duka ba su kai miliyan 8 ba. Gwamnatin da ta ɗauki manhajar kyauta ba tare da shiga ƙungiyar ba tana samun kowane gyaran tsaro da aka fitar, sai dai ba ta da ƙuri'a a ranar da ake yanke abin da za a gina gaba. Yanzu haka ana aikin zubi na 8, wanda ake so ya dace da sababbin tsare-tsaren musayar bayanai na Tarayyar Turai, kuma buƙatun Istoniya da Finlan da Aislan ne za su fi tasiri a siffarsa, ko da yake hukumomi a Asiya da Kudancin Amurka ma za su girka shi a bakin rumbunansu.