Rikiɗewar Sinadarin Fotashiyam-40

Kowace ƙwayar zarra tana da cibiya mai ɗauke da furoton, yawanci tare da niyutron. Idan adadinsu bai daidaita ba, cibiyar ba ta zama daram, sai ta rikiɗe. Wani lokaci takan haɗiye ilektron na kusa da ita, furoton guda ya koma niyutron.

Hakan na faruwa ga fotashiyam-40, wanda ake samun ɗan kaɗan a takin NPK da ayaba, har da jikin ɗan Adam. Kimanin kashi 11 cikin 100 nasa yakan koma iskar agon ta wannan hanya, sauran kuwa ya zama kalsiyam. Sai bayan shekara biliyan 1.25 rabinsa ke ƙarewa. Saboda ƙarancinsa da wannan jinkiri, tururin da yake fitarwa daga buhun taki bai kai ya cutar da manoma ba.