Ayarin Landan zuwa Brighton: yadda yawon yini ɗaya ya ceci tsofaffin motoci

Ranar Lahadin farko ta watan Nuwamba a kowace shekara, tun gari bai gama wayewa ba, motoci kusan 400 kan taru a dandalin Hyde Park da ke Landan. Babu ko ɗaya a cikinsu da aka ƙera bayan shekarar 1904. Yawancinsu ba su da rufi, ba su da gilashin gaba, wasu ma ba su da sitiyari sai wata sanda da direba ke juya akalar motar da ita. Da fitowar rana sai a fara sallamar su rukuni-rukuni, mafi tsufa a gaba, su nufi garin Brighton da ke bakin teku, tafiyar kimanin mil 60, wato kilomita 96.

Ba tsere ake yi ba. Dokar taron ta hana matsakaicin gudun mota ya wuce mil 20 a awa, kuma duk wanda ya isa kafin ƙarfe huɗu da rabi na yamma lambar yabo iri ɗaya yake samu da wanda ya riga kowa. Wannan ayari shi ne taron motoci mafi daɗewa da ake ci gaba da yi a duniya, kuma a gindinsa aka kafa ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta farko. Tarihinsa yana amsa wata tambaya da ba a cika yi ba: me ya sa wani tsohon ƙarfe yake ƙarewa a hannun 'yan gwangwan, wani kuma ya zama abin gado?

Dokar jan tuta

A tsakiyar ƙarni na 19, abin da ke yawo a titunan Birtaniya ba tare da doki ba shi ne manyan injinan tururi na aikin gona da jan kaya. Suna da nauyi, suna lalata hanya, suna firgita dawaki. A 1865 majalisar dokoki ta kafa musu doka: kada su wuce gudun mil 4 a awa a karkara, mil 2 a cikin gari, kuma dole mutum uku su kasance tare da kowane inji, ɗaya daga cikinsu yana tafe a ƙasa yadi 60 a gaba, riƙe da jan tuta. A 1878 aka sassauta, aka daina wajabta tutar, amma mai tafiya a gaba da iyakar gudu suka ci gaba da zama doka.

Da ƙananan motocin fetur suka bayyana a Jamus da Faransa, wannan doka ta hau kansu su ma, domin a idonta ba su da bambanci da injin jan kaya. A 1895 Émile Levassor ya tuƙa motarsa daga Paris zuwa Bordeaux ya dawo, kusan kilomita 1,200, cikin awa 49 ba kaɗan. A watan Janairun 1896 kuwa, a lardin Kent na Ingila, ɗan sanda a kan keke ya bi Walter Arnold ya kama shi saboda gudun mil 8 a awa, kotu ta ci shi tarar sule ɗaya da kuɗin shari'a. Shi ne ake ƙirgawa a matsayin mutum na farko da aka hukunta kan gudun ganganci da mota a ƙasar.

Tsoron da jama'a ke yi yana da dalili. A watan Agustan wannan shekarar mota ta buge Bridget Driscoll a harabar Crystal Palace ta mutu, ita ce mai tafiya a ƙasa ta farko da mota ta kashe a Birtaniya. Duk da haka matsin lambar masu kuɗi da masu sha'awar sabuwar fasahar ya yi tasiri. Sabuwar doka ta fara aiki ranar 14 ga Nuwamba 1896, ta cire mai tafiya a gaba, ta ɗaga iyakar gudun ƙananan motoci zuwa mil 14 a awa, kodayake hukumar da ke aiwatar da ita ta rage zuwa 12.

Ranar 'yanci, da mutumin da ya shirya ta

A ranar ce aka yi ayarin farko, wanda aka yi wa laƙabi da tafiyar 'yanci. Wanda ya shirya shi, Harry Lawson, ɗan kasuwa ne da ya yi ta sayen haƙƙin mallakar fasahar motoci da nufin duk mai son ƙera mota a Birtaniya sai ya biya shi. Murnar sabuwar doka gaskiya ce, amma ga Lawson ayarin talla ne na jawo masu sayen hannun jari. Shekara takwas bayan haka, a 1904, kotu ta same shi da laifin zamba ta ɗaure shi shekara ɗaya da aiki mai tsanani.

Kafin a tashi, a wajen karin kumallo, Lord Winchilsea ya yaga jan tuta gida biyu a gaban mahalarta. Tutar ta shekara 18 da fita daga doka, amma ita mutane suka riƙe a matsayin alamar takurawa, don haka ita aka yaga. Motoci kimanin 33 suka tashi daga otal ɗin Metropole cikin hazo da ruwan sama, hanya duk caɓi, 'yan kallo sun cika titi har motocin na tafiya da ƙyar. Kusan rabinsu ne suka isa Brighton. Cikin waɗanda suka fara isa akwai Bafaranshe Léon Bollée a kan motarsa mai ƙafa uku. Walter Arnold, mai tarar sule ɗaya, shi ma yana cikin ayarin.

Abin da aka fito nunawa a ranar shi ne mota za ta iya tafiyar yini ta kai mutum inda ya nufa. Cikin shekaru kaɗan wannan ya daina zama abin gardama. Dokar 1903 ta kawo lambar mota da lasisin tuƙi, ta kai iyakar gudu mil 20. Motocin 1896 suka tsufa da wuri, kamar yadda wayar hannu ta shekara goma baya take a idonmu yau. Aka jefa su a rumbunan gona da bayan garejoji, wasu aka cire injinsu ana yankan katako ko jan ruwa da shi, da yawa kuma aka narkar.

Daga abin dariya zuwa ƙungiya

A 1927 jaridun Daily Sketch da Sunday Graphic suka farfaɗo da ayarin. Manufarsu nishaɗi da cinikin jarida, kuma sunan da ya bi taron a bakin jama'a yana nufin tseren akwala. Mutane suka fito kallo domin su yi dariya: ga tsohon ƙarfe yana tari yana fitar da hayaƙi, ga masu shi cikin shigar ban dariya.

Wasu daga cikin masu motocin ba su ji daɗin wannan ba. A ganinsu abin da ake yi wa dariya shaida ce ta yadda aka fara wata fasaha da ta sauya rayuwar duniya. Bayan ayarin 1930, a otal ɗin Old Ship da ke Brighton, mutum uku, cikinsu har da Sammy Davis, ɗan jarida kuma direban da ya ci tseren Le Mans a 1927, suka kafa Veteran Car Club. Daga shekarar ce kuma Royal Automobile Club ta karɓi ragamar shirya ayarin. A lura da yadda abin ya jeru: fitar ce ta riga ƙungiyar, ƙungiyar kuma ta zo domin ta kare mutuncin fitar.

Babban aikin da ƙungiyar ta yi shi ne shata layi. Sai motar da aka ƙera kafin 1 ga Janairu 1905 za ta shiga. Wannan ya tilasta bincike: wace shekara aka ƙera wannan mota, injin da ke cikinta nata ne na asali, lambar da ke jikin ƙarfenta ta dace da kundin kamfanin? Aka kafa kwamitin tantance shekaru mai ba da takardar shaida. Sannu a hankali sha'awa ta zama ilimi, aka tara takardun kamfanonin da suka daɗe da mutuwa, aka bi rumbuna da gidajen gwangwan ana zaƙulo abin da ya saura. Duk motar da aka ceto, an cece ta ne da tunanin Lahadin farko ta Nuwamba.

Wasu suka bi sahu da nasu layin. A 1934 matasa masu ganin motocin da ake ƙerawa da yawa a lokacin ba su kai na da inganci ba suka kafa Vintage Sports-Car Club, suka tsayar da iyakarsu a ƙarshen 1930. Daga nan rabe-raben da ake amfani da su a Birtaniya suka zauna: na kafin 1905, na 1905 zuwa 1918, da na 1919 zuwa 1930. A Amurka aka kafa Antique Automobile Club of America a Philadelphia a 1935, kuma a 1946 aka farfaɗo da ayarin Glidden, wanda a farkon ƙarni ake yi domin gwada juriyar sababbin motoci, ya koma yawon tsofaffi. A Italiya, tseren Mille Miglia da aka dakatar a 1957 bayan hatsarin da ya kashe direba Alfonso de Portago da abokin tafiyarsa da 'yan kallo, ya dawo a 1977 a matsayin ayarin motocin zamanin, inda ake auna kiyaye lokaci maimakon gudu.

Fim ɗin da ya sauya farashi

Yaƙin duniya na biyu da ƙarancin fetur da ya biyo baya sun katse ayarin Brighton na wasu shekaru. Abin da ya fitar da shi daga da'irar 'yan tsiraru shi ne fim ɗin barkwanci na 1953 mai suna Genevieve, labarin abokai biyu da matan da ke tare da su, waɗanda suka je Brighton sannan suka ci caca kan wanda zai riga komawa Landan. Fim ɗin ya ci kyautar BAFTA ta fim ɗin Birtaniya mafi kyau, motar Darracq ƙirar 1904 da ta fito a ciki kuma tana gidan tarihi na Louwman a birnin Hague.

Fim ɗin ya kama wani abu na gaskiya game da irin waɗannan ƙungiyoyi: rabin abin mota ne, rabi zumunci. Motar da ba ta da rufi, a sanyin Nuwamba, tana buƙatar fasinjan da zai sauko ya tura a kan tudu, da abokin da zai tsaya ya ara maka sifana. Ana yada zango a Crawley a sha shayi a duba inji. A tuddan da ke gab da Brighton 'yan kallo kan taya turi. Wasu ƙungiyoyin masu motocin baya-bayan nan kan jera nasu a gefen hanya suna gaisuwa, ranar ta zama tasu su ma. Akwai iyalan da suka gaji mota da gurbinta a ayarin tun daga kakanni.

Shaharar ta zo da tsadarta. Tun da takardar shaidar 1904 ita ce ƙofar shiga, mota mai wannan takarda ta fi ƙanwarta ta 1905 daraja nesa ba kusa ba, ko da ƙirarsu ɗaya. Abin da ake saye da kuɗin tsohon ƙarfe a 1927 yanzu sai a ɗakin gwanjo. Layin da ya ceci motocin shi ne kuma ya mai da taron na masu hali.

Abin da ake karewa

Ƙungiyoyin sun haɗu a 1966 suka kafa tarayyar duniya mai suna FIVA, wadda ta ɗauki duk motar da ta kai shekara 30, aka kuma adana ta yadda take, ba a hawanta don zirga-zirgar yau da kullum, a matsayin ta tarihi. Da wannan ma'auni, yawancin Fijo 504 da aka harhaɗa a Kaduna, inda masana'antar ta fara aiki a 1975, shekarunsu sun kai. Shekaru kaɗai dai ba sa adana mota.

Hujjar da ƙungiyoyin ke kafawa ita ce motar da aka kulle a gidan tarihi ta rasa rabin abin da take koyarwa. Yadda ake tayar da inji da hannu ba tare da ya karya wa mutum wuyan hannu ba, yadda ake hura tukunyar motar tururi, yadda ake sauka gangare da birkin da ke kama ƙafafun baya kawai, duk ilimi ne da ke zaune a hannun mutane. In an daina fita, makaniken da ya iya zuba ƙarfen bayarin da maƙerin da ke ƙera abin da babu a kasuwa za su rasa aiki, kuma ba za su koya wa kowa ba.

Barin su a kan titi yana da nasa haɗarin. A 2019 wani dattijo ya rasu bayan motarsa ƙirar 1903 ta kauce daga hanyar ayarin ta hau babban titin M23, babbar mota ta buge ta. Ga kuma dokokin hayaƙi da ke ƙara tsanani, da fetur mai haɗin ethanol kashi 10 da ya zama na yau da kullum a Birtaniya a 2021, wanda ke cin tsofaffin robobi da bututu. Zuwa yanzu gwamnati ta yi wa motocin da suka haura shekara 40 rangwame: ba sa biyan harajin hanya, kuma harajin gurɓata iska na Landan bai hau kansu ba. Ƙungiyoyi masu rajista da mambobi da taron da jama'a ke gani duk shekara su ne suka iya nemo wannan rangwame.

A cikin ayarin akwai motocin fetur, akwai na tururi, akwai kuma na lantarki da aka ƙera tun kafin 1905, lokacin da ba a san wanne zai yi rinjaye ba. Yau da Birtaniya ke shirin daina sayar da sababbin motocin fetur, tambayar ta sake buɗewa, kuma waɗannan ukun suna bin hanya ɗaya a jere. Kafin a sallami ta farko a Hyde Park, har yanzu sai an yaga jan tuta.