Takardar Wurno ta 1885 da Dokar Ƙasa da Ƙasa

Masana sun ce dokar ƙasa da ƙasa tana tsaye ne bisa ginshiƙai biyu manya: kowace ƙasa mai mulkin kanta daidai take da 'yar'uwarta, kuma alkawarin da ta ɗauka da yardarta dole ta cika shi. Mu mutanen Rara ba sai mun je Turai neman misali ba, domin an jarraba ginshiƙan nan a Wurno, nan kusa da mu.

A shekarar 1885 wani Bature mai suna Joseph Thomson ya iso Wurno, inda Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba yake zaune. Wakilin kamfanin Ingila ne, wanda daga baya aka sani da Royal Niger Company. A karatun Turawa, takardar da aka sa wa hannu ta ba kamfanin iko a gaɓar Binuwai, shi kuma zai riƙa biyan wuri buhu 3,000 duk shekara. Fada ba haka ta ɗauki al'amarin ba. A wurinta amana ce irin wadda shari'a ta yarda a bai wa baƙon ɗan kasuwa, wurin kuwa gaisuwa ce. Ina hankali zai kama cewa sarkin da Kano da Adamawa ke aiko wa haraji zai sayar da ƙasa a kan wuri?

Duk da haka, takardar nan Ingila ta riƙe hujja. A 1890 ta zauna da Faransa suka ja layi daga Say zuwa Barruwa ta bakin Tafkin Chadi. A 1898 suka sake shata iyaka, suka zana da'irar mil 100 daga birnin Sakkwato. Ba a gayyaci kowa daga fada ba. Wato Sakkwato ƙasa ce ranar da ake bukatar hatiminta, amma ranar rabo ba ta da bakin magana. A 1903 sojojin Lugga suka ci birnin.

Daga baya dokar ta gyara kanta. Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1945 ya tabbatar da daidaiton ƙasashe, Yarjejeniyar Biyana ta 1969 kuma ta ba da damar rushe alkawarin da aka samu ta yaudara ko tilas, sai dai ba ta waiwayen baya. Shugabannin Afirka ma, a taronsu na Alkahira a 1964, sun amince a bar iyakokin Turawa yadda suke. Shi ya sa Illela take Nijeriya, Birnin Ƙonni kuwa, bayan gyare-gyaren 1904 da 1906, take Nijar.