Daga Kurkuku Zuwa Ɗakin Kwana: Tarihin Na'urar Motsa Jiki Mai Zagayen Ƙwai

A shekarar 1818 wani injiniya ɗan Ingila mai suna William Cubitt ya ƙera wata na'ura domin horon fursunoni. Wata ƙatuwar ganga ce a kwance, mai matakala a jikinta. Fursunoni sukan jeru su riƙe sanda, su yi ta takawa, gangar tana juyawa, su kuwa ba su gusa ko'ina ba. A gidan yarin Brixton da ke Landan, inda aka kafa ta a 1821, ƙarfin ƙafafunsu ne ke niƙa hatsi. A wasu gidajen yarin babu abin da take niƙawa, wahalar ita ce manufar. Marubuci Oscar Wilde na cikin waɗanda suka taka ta bayan an ɗaure shi a 1895. Sai bayan dokar gidajen yari ta 1898 aka daina wannan horo.

Yau mutane na cire dubban daloli su sayi jikanyar wannan na'ura su ajiye a gida. Ɗaya daga cikin mafi tsada ita ce wadda ake kira iliftikal, wato mai juya ƙafa a zagaye irin siffar ƙwai. Tarihin yadda aka zo ga ita yana nuna wa mai niyyar saye abin da ya cancanci kuɗinsa da abin da ado ne kawai.

Lokacin da likitoci suka karɓi aikin

Tun ana amfani da gangar Cubitt a kurkuku, wani likita ɗan Suwidin, Gustav Zander, ya ɗauki wata hanya dabam. A 1865 ya buɗe cibiya a birnin Stockholm cike da injuna masu sanduna da nauyi da ake iya matsarwa. Tunaninsa shi ne a auna motsa jiki kamar yadda ake auna magani: mai rauni a ba shi kaɗan, mai ƙarfi a ƙara masa. Injunan sun yi suna a baje kolin Philadelphia na 1876, kuma masu hali suka rungumi irinsu. Har jirgin ruwan Titanic da ya nutse a 1912 yana da ɗakin motsa jiki mai dokin lantarki da raƙumin lantarki.

Mataki na gaba ya zo daga likitocin zuciya. A 1963 Robert Bruce na Jami'ar Washington ya fitar da tsarin gwada zuciya a kan na'urar tafiya mai bel, inda ake ƙara sauri da tudu duk bayan minti 3. A 1968 likitan sojan sama na Amurka, Kenneth Cooper, ya wallafa littafinsa Aerobics, wanda ya shawo kan jama'a cewa zuciya da huhu suna buƙatar aiki mai ɗorewa. Wani injiniya, William Staub, ya karanta littafin ya ƙera na'urar gudu ta gida mai suna PaceMaster. Daga nan gudu ya zama yayi a Amurka.

Amma gudu yana da farashinsa. Duk lokacin da ƙafar mai gudu ta sauka, tana ɗaukar nauyin da ya ninka na jikinsa sau biyu zuwa uku. Ga matashi mai lafiyar gaɓoɓi wannan ba matsala ba ce, har ma yana ƙarfafa ƙashi. Ga mai ƙiba, ko mai ciwon gwiwa, ko wanda shekaru suka ja, dalili ne na dainawa. Sai maƙera suka shiga neman hanyar sa zuciya aiki ba tare da dukan gwiwa ba. A 1975 Edward Pauls na jihar Minnesota ya ƙera NordicTrack, mai kwaikwayon zamiya a kan ƙanƙara, amma koyonta sai da haƙuri. A 1983 StairMaster ta fito da matakala mai juyawa, wadda kusan gangar Cubitt ce aka sake wa riga, kuma ba kowace gwiwa ke jure hawa ba.

Abin da Larry Miller ya lura da shi

Mafitar ta zo ne daga wani mai ƙirƙira ɗan Amurka, Larry Miller. Ya ɗauki hoton bidiyo na 'yarsa tana gudu, ya bi diddigin hanyar da ƙafarta ke bi a iska. Ya ga ba da'ira take yi kamar fedar keke ba, ba kuma miƙaƙƙen layi ba. Zagaye ne mai tsawo, kamar ƙwai a kwance. Ya gane cewa idan aka haɗa dogon ƙarfe da faifai mai juyawa a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma yana zamewa a kan titi, fedar da ke tsakani za ta bi irin wannan zagaye. Ƙafa za ta yi motsin gudu ba tare da ta bar feda ba, don haka babu saukar da za ta doki gwiwa.

Kamfanin Precor na jihar Washington ya karɓi wannan fasaha, ya fitar da samfurin EFX 544 a 1995. Cikin 'yan shekaru na'urar ta cika gidajen motsa jiki. Sauran kamfanoni suka biyo baya, wasu suka mayar da faifan gaba, wasu tsakiya, aka kuma ƙara hannaye masu motsi domin kafaɗa da baya su shiga aikin.

Zamanin allo da kuɗin wata

Bayan 2012, lokacin da aka kafa kamfanin Peloton, kasuwar ta sauya alkibla. Aka koma sayar da babban allo, da mai horarwa ta intanet, da kuɗin da ake biya kowane wata. Annobar korona ta kulle mutane a gida, ciniki ya bunƙasa, har a Disamban 2020 Peloton ta sanar da sayen Precor a kan dala miliyan 420. Da aka buɗe gari, kasuwar ta faɗi. A Fabrairun 2022 Peloton ta sallami ma'aikata kusan 2,800, shugabanta John Foley ya sauka, daga baya kuma darajar hannun jarinta ta zube da fiye da kashi 90 cikin ɗari daga inda ta kai.

Darasin a bayyane yake. Allo yana tsufa kamar wayar hannu, manhaja kuma tana rayuwa ne muddin kamfani na raye. Ƙarfen da ke bin zagayen Miller kuwa, idan an ƙera shi da kyau, zai wuce shekara goma yana aiki.

Abin da ake biya wa kuɗi

Abu na farko shi ne tsawon taku. Yawancin manya suna jin daɗin kusan santimita 50. Na'ura mai araha takan gajarta shi, sai zagayen ya koma kamar tuƙa keke a tsaye, gwiwa ta riƙa naɗewa fiye da kima. Dogon mutum yana buƙatar ƙari, shi ya sa wasu masu tsada ke ba da damar sauya takun, abin da ke da amfani a gidan da mutane da yawa za su hau.

Na biyu shi ne tazarar da ke tsakanin fedoji. Idan ta yi faɗi, mutum zai riƙa tafiya a tale, ƙugu da gwiwa su biya bashin.

Na uku shi ne faifan ƙarfe da birkinsa. Faifai mai nauyi yana sa motsi ya tafi sumul, babu fizga. Nagartattun na'urori suna amfani da maganaɗisu wajen ƙara tauri, ba tare da wani abu ya goga wani ba, don haka babu ƙara kuma babu abin da ke cinyewa.

Na huɗu shi ne gangar jiki da boris. Nauyin na'urar, da iyakar nauyin wanda aka yarda ya hau ta, da tsawon garantin ƙarfe da na kayan gyara, su ne shaidar yadda maƙerin ya amince da aikinsa. Lissafin kalori da ke kan allo kuwa ƙiyasi ne, ba ma'auni ba.

Ga mai saye a Kano ko Abuja ko Yamai akwai ƙarin tambayoyi. Wasu na'urorin gidajen motsa jiki suna samar da wutarsu daga takun mai hawa, wanda babbar fa'ida ce inda lantarki ba shi da tabbas. Ƙurar hunturu tana taruwa a kan titin da tayoyin feda ke bi, sai an riƙa gogewa. Kafin a biya, ya kamata a san wanda zai gyara da inda za a samo kayan gyara. A kuma auna tsayin rufin ɗaki, domin feda tana ɗaga mutum sama da ƙasa sosai. Sama da duka, kada a yi cinikin biri a sama: a hau na'urar minti goma ko fiye, a saurari abin da gwiwa za ta ce.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, amma alƙalumanta na 2022 sun nuna kashi 31 cikin ɗari na manya ba sa cika wannan. Na'urar da ke cutar da gwiwa ko ke damun mutanen gida da ƙara, ƙarshenta ta zama maratayar kaya. Wadda ta cancanci tsadarta ita ce wadda mai ita zai sake hawa gobe ba tare da an tilasta masa ba.