Daga Murhun Yumɓu zuwa Ɗakin Ƙere-ƙere: Sana'ar Hannu a Tsakanin Hausawan Tandabawi

A shekarar 1814 matafiyin nan ɗan ƙasar Suwizalan, Burckhardt, ya yi zama a Makka, kuma a littafinsa da aka buga a 1829 ya bayyana yadda alhazan Afirka ta Yamma, waɗanda ake kira Takruri, suke neman abin sawa a bakin salati. Wasunsu dako suke yi, wasu ga-ruwa, wasu itace. Abin da ya fi dacewa da nazari shi ne masu ƙira daga cikinsu: suna gina ƙananan murahu na yumɓu, su shafe su da ja da rawaya, alhazai su saya don dafa gahawa, wasu kuma suna saƙa tabarmi da kwanduna da ganyen dabino. Daga kalmar Takruri ne Hausa ta samo "takari", duk da cewa a yau kalmar ta ɗauki ƙaiƙayin raini.

Yawan waɗannan baƙi ya ƙaru bayan da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, aka kuma kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Masu hijira sun bi ta Sudan, suka ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Waɗanda suka zauna a Makka sun taru a yammacin Harami, a Tandabawi da Hindawiyya da Shari'u Mansur. Da yawa daga zuriyarsu 'yan Saudiyya ne a yau masu laƙabin Hausawi. Wasu kuwa an haife su a can, har suka yi jikoki, ba su da takardar zama.

Wanda ba shi da takarda ba ya buɗe shago da sunansa. Saboda haka sana'a ta fake a cikin lunguna da tsakar gida: teloli da masu walda da masu gyaran kayan lantarki, kowa da yaransa masu koyo, ana aron kayan aiki tsakanin maƙwabta, a da ana sayen tsofaffin kaya a kasuwar Hosh Bakar a tayar da komaɗarsu. Tsarin ubangida da yaro ne irin na maƙeran Kano da dukawanta, sai dai an dasa shi a ƙasar da doka ba ta san da zamansa ba. Tsire, wanda mutanen Hijaz ke kira "siriya", shi ne ya fi fita fili daga cikin sana'o'in, domin shi ƙamshi ba ya ɓuya.

Ɗakunan ƙere-ƙere na al'umma da ake kira Fab Lab sun samo asali ne daga cibiyar da Neil Gershenfeld ya jagoranta a jami'ar MIT ta Amurka tun 2001, kuma zuwa 2004 an buɗe ɗaya a Takoradi ta ƙasar Gana. Manufarsu ita ce a tara na'urori masu tsada, kamar na'urar yanka da hasken leza da mai fitar da siffar abu daga zanen kwamfuta, domin kowa ya koya, ya ƙera. In aka cire na'urorin, sauran tsarin, wato tarayya a kan kayan aiki da koyo da hannu, Tandabawi ta daɗe da shi. Kuskure ne a rubuta tarihin ƙirƙira a Makka a fara shi daga ranar da kwamfuta ta iso.

Bambancin yana ga ƙasa da takarda. Ɗakin zamani yana da rajista da gini. Maƙerar unguwa kuwa jarinta maƙwabtaka ne. Aikin Titin Sarki Abdul'aziz, wanda yanzu ake kira Masar, mai tsawon fiye da kilomita 3 daga yammacin gari zuwa kusa da Harami, ya ci dubban gidaje, ciki har da na Tandabawi da Hindawiyya. Diyya ta bi masu takardar mallaka. 'Yan haya, waɗanda akasarin masu sana'ar daga cikinsu suke, sun watsu zuwa wasu unguwanni, ubangida a wata shiyya, yaransa a wata.